Benena Na Magama

A wannan makon zan ɗan dakatar da ku daga ci gaban labarinmu, domin wata baiwar Allah ta aiko mini da tambayar da ta sa ni dariya, daga baya kuma ta sa ni yin shiru. Cewa ta yi, wai Anti a hawa na nawa kika zauna lokacin da kike Amurka? Don ta lura a littattafaina na da, babu saurayin da zai yi arziki face na kai shi ofis a hawa na 40 ko na 50, yana tsaye bakin taga yana kallon motoci kamar tururuwa, yana tunanin masoyiyarsa da ya baro a Katsina. To ƙanwata, ban taɓa taka Amurka ba. Legas ma sau biyu kacal na je. Amurkar da kika karanta duk daga jikin bangon shagon mahaifina na kwaso ta, a Magamar Jibiya.

Ga wanda bai san Magama ba, nan ce ƙofar ƙarshe kafin ka bar Najeriya ta ɓangarenmu. Kana wuce shingen kwastan sai Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Gari ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, a lokacin ƙuruciyata babu abin da ya fi tirela tsawo idan an lafta mata kaya, sai ko tankin ruwa da hasumiyar masallaci. Baba, Allah ya jiƙansa, tireda yake sayarwa, su sukari da madara da batir da ashana. A jikin bangon shagon akwai wata kalanda da wani direba ya ba shi, shekararta ta wuce tuni amma ba a cire ta ba, saboda tana rufe wata tsagewa da ke bangon. Hoton birnin Niyok ne da daddare, fitilu ko'ina, ga wasu tagwayen benaye biyu sun fi kowa tsawo. Duk ranar da na kai wa Baba abincin rana sai na hau buhun sukari, na sa tsinken tsintsiya ina ƙirga hawan tagwayen nan. Ban taɓa wuce sittin da 'yan kai ba lissafin yake ɓace mini.

Wata rana na ce, "Baba, su mutanen da ke can sama ta ina suke ɗebo ruwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ɗiyar nan akwai tambaya. Wanda ya iya kai ɗaki can, ai ya iya kai randa."

Gini mai tsawo na farko da na hau da ƙafata kuwa ba na siminti ba ne. Muna aji uku a sakandare aka kwashe mu zuwa cikin birnin Katsina, aka kai mu hasumiyar Gobarau. Tsawonta wajen mita 15 ne, na ƙasa ce zalla, kuma ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, fiye da shekara 500 ke nan. Masallacin Juma'a ne a da, makaranta ce, kuma daga samanta ake hango maharan da suka tunkaro gari. Mai gadin wurin ya ba mu labarin da kowane Bakatsine ya sani, na gardamar da malamai suka yi a kan alƙibla, har Malam Jodoma ya nuna da sandarsa aka hango Ka'aba. Ya ce da ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba, ruwan sama ne ya yi ta cin ta bayan an daina salla a wurin, sai a zamanin Sarki Dikko aka ceto abin da ya rage. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne kaurin gindinta. Kamar tsauni take daga ƙasa, tana hawa tana tsukewa. Da na kai sama na leƙa, sai ga gidajen mutane a buɗe kamar an cire wa kwano murfi, wata na daka, wata na shanya, wata na yi wa yaro wanka. Ƙawayena suna ta ihu suna nuna sinima da kasuwa, ni kuwa sai na ji kunya ta kama ni kamar na shiga gidan mutane ba sallama. Ki riƙe wannan kunyar, za mu dawo kanta.

Ranar Talata 11 ga Satumban 2001, littafina na biyu yana wurin buga shi a Kano, ni kuma na je gida ganin Inna. Da yamma mutane suka cika ƙofar shagon Baba an kewaye rediyo, ana cewa jirage sun daki wasu benaye a Amurka sun rushe. Wani ɗan canji ya ɗaga kai ya nuna kalandar nan ya ce ai su ne waɗannan. A ranar na san hawa 110 ne kowannensu, lissafin da na kasa yi shekara da shekaru. Mutum kusan 3,000 suka mutu. Na tuna yawan samarin da na zaunar a bakin irin tagogin nan, ban taɓa tunanin ta ina za su sauko ba idan wuta ta tashi. Washegari Baba ya cire kalandar ya naɗe, tsagewar bangon ta fito fili.

Sai da wayar hannu ta zo, kasuwar littafi ta fara mutuwa, na sami lokacin zama na bincika abin da na daɗe ina rubutawa ba tare da na san shi ba. Ashe asalin abin ba daga Niyok ba ne, daga Shikago ne. A 1871 gobara ta cinye tsakiyar garin, alhali nan ne mahaɗar jiragen ƙasa da kasuwar hatsi da ta shanu, kowa na son ofishinsa a cikin 'yan layukan nan na tsakiya. Fili ya yi tsadar da ba a iya faɗaɗawa, sai dai a hau sama. Matsalar da suka tarar kuwa ita ce wadda maginan Gobarau suka sani tun tuni: in bango ne zai ɗauki nauyi, to duk tsawon da ka ƙara sai ka ƙara kaurin gindi. Akwai wani gini a can, Monadnock, mai hawa 16 na bulon ƙasa gasasshe, kaurin bangonsa a ƙasa ƙafa shida ne. Ka ga shagon da ya fi kawo kuɗi, wato na ƙasa, bango ya cinye shi. Wani injiniya William Le Baron Jenney ne ya kammala ginin Home Insurance a 1885, hawa 10, inda ya yi wa ginin ƙashi na ƙarfe ya ɗauki nauyin, bango ya zama sutura kawai. An rushe shi a 1931, amma har yau da shi ake fara lissafi.

Maganar Baba ta randa ma tana da amsa. Kafin lifta, saman bene na talaka ne, don wa zai biya kuɗi ya hau matakala shida kullum? A 1854 wani mutum Elisha Otis ya hau lifta a gaban jama'a a wajen baje koli a Niyok, ya sa aka datse igiyar, birkin da ya ƙera ya riƙe shi bai faɗo ba. Daga nan aka yarda da ita, a hankali sama ta koma ta masu kuɗi.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu duka shi ne Fazlur Rahman Khan, Musulmi ɗan Bangaladash da ya yi aiki a Shikago. Shi ne injiniyan ginin Sears, wanda yanzu ake kira Willis, mai tsawon mita 442, wanda ya riƙe kambun duniya tun daga farkon shekarun 1970 har zuwa 1998. Abokin gabar dogon gini ba nauyi ba ne kawai, iska ce. Dabarar da ya yi duk wanda ya taɓa zuwa gona bayan girbi zai gane ta: kara ɗaya iska na lanƙwasa shi, amma dami ba ta iyawa. Sai ya haɗa dogayen gine-gine tara ya ɗaure su wuri ɗaya kamar damin kara, wani ya tsaya a nan wani ya ci gaba. Kuma wannan bawan Allah yana cikin waɗanda suka tsara rumfunan nan masu kama da tantuna na tashar alhazai a filin jirgin Jidda. A 2013 na kwana a ƙarƙashinsu ina jiran jirginmu, ban san hannu ɗaya ne da wanda ya yi benen da nake sa samarina a ciki ba. A Jidda ɗin ma ya rasu, a 1982.

To yanzu bari na zo kan nawa benen, don shi ne ya sa tambayar ƙanwata ta sa ni shiru.

Baba ya rasu a 2017, ya bar mana filin shagon da ɗan kangon da ke bayansa, ni da Yayana. A lokacin Magama na ci. Tireloli na kwana a layi, 'yan dako, 'yan canji, masu abinci, masu faci, kowa na samu, ɗakin kwana kuma ya yi wa direbobi wuya. Yaya ya ce mu yi shaguna shida a ƙasa, mu ɗora ɗakunan haya takwas a sama. Ba zan ɓoye muku ba, lissafin kuɗi daban, abin da ke raina daban. Ina so a ce a garin da na hau buhun sukari ina ƙirga benen wasu, yau ga nawa. Na tattara abin da littafi ya bar mini, na sayar da sarƙa da awarwaron da na sayo a Makka, maigidana ya ƙara mini abin da ya sauƙaƙa. Inna kaɗai ta ce, "Anya? Ubanku shekara talatin a shago ɗaya, bai taɓa kwana da bashi ba." Ta kuma tuna mini cewa gasar tsawaita gini tana cikin alamomin tashin duniya da aka ambata a hadisin Mala'ika Jibrilu. Na ce, "Haba Inna, hawa ɗaya ne fa."

Gasa kuwa akwai ta, ko a hawa ɗaya. Wani Alhaji da ke tsallaken titi yana jin mun sa harsashi shi ma ya sauke bulo. Abin ya tuna mini da labarin ginin Chrysler. A 1929 masu zanen gini biyu, waɗanda da abokan aiki ne suka ɓata, suna tsere a Niyok kamar kishiyoyi. Wannan ya ƙara hawa, wancan ya ƙara. Sai na Chrysler ya sa aka harhaɗa wani dogon tsinin ƙarfe a ɓoye a cikin ginin, ya bari sai da abokin hamayyarsa ya saki jiki, sannan aka zuro shi ta sama a cikin kamar awa ɗaya da rabi, gini ya kai mita 319. Da ni na rubuta wannan a littafi da an ce na cika ƙarya. Kambun nasa kuwa wata 11 kawai ya yi.

Muna kai linta sai ga saƙo daga maƙwabcinmu na baya, wani dattijo aminin Baba da muke kira Baba Malam. Na je na durƙusa na gaishe shi a zaure. Ya daɗe yana yi wa Baba addu'a, sannan ya ce, "Ɗiyata, ba baƙin ciki nike maki ba, Allah ya sa albarka. Amma iyalina a tsakar gida suke wuni. Nan suke daka, nan suke wanki, nan suke shan iska ba lulluɓi. In kin aza direbobi bisa kansu, ina za su sa kansu?"

Yaya ya yi ta faɗa, wai fili namu kuɗi namu. Ni kuwa kunyar saman Gobarau ce ta dawo mini sabuwa. A tsakar gida na girma, na san abin da take nufi ga macen da ba ta fita, ita ce kasuwarta, ita ce sararin samaniyarta. Da aka je gaban mai unguwa, limami ya ce a fiƙihunmu na Malikiyya ba a yarda mutum ya buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa ba. Aka yanke cewa bangon yamma ba taga ko ɗaya, kuma a ɗaga shi ya wuce tsayin mutum. Daga baya na karanta cewa su ma can sun yi irin wannan rigimar. A 1915 aka gama wani gini Equitable a Niyok, mai hawa kusan 40, ya miƙe sak daga bakin titi ya tare wa maƙwabta rana. A 1916 birnin ya yi dokar da ta tilasta wa dogon gini ya riƙa ja da baya yana hawa, shi ya sa tsofaffin benayensu suke da siffar matakala. Su hasken rana suke karewa, mu sutura.

A watan Yulin 2019 muka zuba dakin, aka bar rodi a tsaye yana jiran ɗakunan sama. A watan Agusta gwamnati ta rufe iyakoki.

Wanda bai zauna a garin boda ba ba zai gane ba. Kamar a ɗauke ruwa ne daga kogi, kifi na nan amma sai fafutuka. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, gidajen mai suka rufe. Masu abinci suka kife tukwane. Mutum biyun da suka ba mu kafin alƙalami na shago suka zo karɓar kuɗinsu. Da aka buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020 ba a sa tamu a ciki ba, sai Afrilun 2022. Mun fara ɗaga kai ke nan sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake garƙamewa har zuwa Maris ɗin 2024. Siminti kuwa duk lokacin da na tambaya sai na ji kuɗin ya wuce inda na baro shi. Shi ma Alhajin tsallaken titi nasa na nan a linta, mun yi canjaras.

A cikin wannan zaman ne na karanta tarihin Empire State, na ji kamar da ni ake. An gina shi cikin kwana 410, hawa 102, mita 381, aka buɗe ranar 1 ga Mayun 1931, daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Mafi yawan ofisoshin ba wanda ya kama, har mutanen gari suka juya sunansa suna kiransa da abin da ke nufin gidan da ba kowa. Ana kunna fitilun sama da daddare don a zaci da mutane. Masu biyan kuɗi su hau su kalli gari su ne suka taimaka wajen riƙe shi, kuma sai bayan kusan shekara 20 ya fara kawo riba. Da ina zaton ƙarfe da siminti ne ke riƙe bene. Ashe ƙafafun mutanen da ke wucewa a gindinsa ne. Su nasu ya jira ya samu. Ni ma Yaya kullum cewa yake na yi haƙuri, jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 ta Jibiya zai bi. Allah ya sa. Sarƙata dai ta tafi.

Sai dai benen bai zauna haka nan ba. Da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙauyukan bakin daji, wata mata da 'ya'yanta huɗu suka shiga shagon ƙarshe suka rataya buhu a ƙofa, ba mu ce su tashi ba. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da tamu. Ƙarfen sabis, wanda ya fi komai tsawo a garin, ya zama hoto. Sai yara suka gano cewa in ka hau dakin ɗinmu da layin Nijar, ka tsaya a kusurwar arewa wajen rodi na uku, kira na shiga. Kafin mako guda wurin ya koma kasuwa. Da yamma mata, bayan isha'i maza, can cikin dare kuma matasan unguwa ke hawa da tocila suna duban hanyar daji. Wani ya ba Yaya shawarar ya riƙa karɓar hamsin hamsin, ya ce Allah ya kiyaye. An kafa zana ta ɓangaren yamma, tun da bangon da muka yi alkawari ba a kai ga yin sa ba.

Wata Juma'a na je duba Inna, na hau da la'asar don na kira maigidana na ce na sauka lafiya. Ina cikin magana na ji ana cewa a ba da hanya. Baba Malam ne, jikansa na riƙe da hannunsa, yana hawa matakala ɗaya yana hutawa. Ɗansa da ke Kano aka yi wa aiki a asibiti, kwana tara bai ji muryarsa ba. Na katse kirana na miƙa masa wayar, na kai shi wajen rodi na uku. Ya yi magana ya yi hamdala, ya share ido da bakin rawani. Da zai sauka sai ya tsaya wajen zanar nan, ya yi jim, ya ce, "Ɗiyata, in leƙa?"

Na ce, "Baba, ai gidanka ne."

Ya sa yatsa ya buɗa zanar kaɗan, ya daɗe yana kallo. Shekara hamsin yana cikin gidan nan bai taɓa ganinsa daga sama ba. Can ya saki zanar, ya gyara ta da hannunsa ta koma yadda take, ya juya wajen jikansa ya ce, "Kai, ashe gaskiyar Hajiya ce, kwanon ɗakinta ya huje. Gobe ka kira mani kafinta."